Yadda Sifikar Babana Ta Kawo Mana Wuta A Takarda

Kai mai karatu, kada ka waiga kana neman wanda nake yi da shi. Da kai nake. Sau nawa ka bi ta gaban matacciyar taransifoma, a mota ko a kan babur, ka ɗan kalle ta ka ce "Allah ya kyauta", ka mayar da idonka kan waya? In ba tamu ta Rijiyar Kanya ka wuce ba, ka wuce ta garinku, don na san kuna da irinta. Tamu yau watanta goma sha huɗu da yin wata ƙara, ta yi hayaƙi, ta yi shiru.

Yau da safe na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa, na tarar an shanya zannuwa a kan shingenta, wata kaza kuma ta kwanta a kan ƙwai a gindinta. Na tsaya a bakin hanya na kama faɗa ni kaɗai. Maƙwabcinmu Mani ya zo wucewa da jakinsa zai kai taki gona. Ya tsaya ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Malam Auwalu, rage murya. Duk watannin nan kazar nan ce kaɗai ta amfana da kayan hukuma a garin nan. Kada ka tashe ta."

Na kama hanyar makaranta. Ba don ya fi ni gaskiya ba, sai don ina da nawa laifin a cikin wannan magana, kuma a gaban Mani na aikata shi. Zan ba ka labarin duka, ba zan rage kasona ba.

Mahaifina, Malam Muntaka, kunnensa ya yi nauyi. Shi dai bai yarda ba. A wurinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Gwiwa kuma ta hana shi zuwa Tsanyawa sauraron tafsiri, abin da ya shekara talatin yana yi duk azumi. Saboda haka na saya masa talabijin filasma, na haɗa ta da 'yar sola da batir, don ya riƙa bin tafsirin daga zaurensa. Azumin bara na zauna a gefensa ina kallonsa. Bakin malamin yake bi da ido. In mutanen cikin hoto sun yi kabbara, sai ya yi tasa bayan sun gama. Wata rana da Inna, mahaifiyata, ta fita, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Auwalu, wace sura ake ciki?"

Mutumin da ya koya mini baƙi da wasali ke nan. A ranar na ɗaura niyyar cewa azumin bana da kunnensa zai ji, ba da bakina ba.

Matsalar filasma kowa ya san ta. An ƙera ta siririya kamar faifai, babu wurin da murya za ta zauna a cikinta. 'Yan sifikun da aka liƙa mata a baya suke, bango suke kallo. Fuskarta tana wajenka, maganarta tana wani wuri dabam. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana sauraron jawabin manya ya san irin wannan halitta. Maganinta shi ne wata doguwar sifika da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, tana fuskantar mai kallo. Masu shago sawunba suke ce mata.

Ranar kasuwar Ɗanbatta na shiga mota na je shagon wani Sabiru, mai sayar da kayan sauti. Ban je hannu sake ba. Na ɗauki hoton bayan filasmarmu a waya don in san irin ramukan da take da su. Na auna faɗinta da igiyar shanyar Inna na ƙulla alama. Na kuma auna tsakanin tebur da gindin allon, don kada in sayo mai tudu ta tare wurin da rimot yake harbawa. In za ka je sayen taka ka yi haka, ka huta da komawa.

Sabiru yana jin abin da nake so ya jawo wata ya saka waƙar biki, ya murɗe ta har gilashin kantarsa ya kama rawa.

"Ka ji, Malam? Wannan in ka kunna ta a Tsanyawa, sai an taka a Bici."

"Ba biki zan yi ba," na ce da ihu. "Tsoho nake so ya ji magana."

Ya nuna mini kwalinta. An rubuta wat dubu biyar da jan baƙi ƙato, wai ƙarfinta ke nan. Na ɗaga abar da hannu ɗaya.

"Sabiru, tsakaninka da Allah, wat dubu biyar a cikin wannan?"

"Haba Malam, kwali ne fa. Ka taɓa ganin kwalin da ya faɗi aibin abin da ke cikinsa? Shi da fostar zaɓe injin ɗaya ne yake buga su."

Nan na ga za mu shirya da shi. Na ce ya kashe waƙar. Na fito da wani karatun labarai da na naɗa a waya, na ce da muryar mutum za mu gwada, don kiɗa ko gwangwani ka sa masa zai yi ƙara. Huɗu muka gwada. Biyu sun haɗiye maganar. Ta uku kamar mutum yana kiranka daga cikin rijiya. Ta huɗu tana da wani maɓalli a rimot, in ka danna sai muryar mai magana ta taso ta bar sauran hayaniya a ƙasa. A bayanta kuma akwai rami mai rubutun ARC, irin wanda na gani a hoton filasmarmu. Na ce ita nake so, amma ya cire mini baƙin akwatin nan da yake tare da ita, wanda suke kira wufa, don gurnani kawai yake yi.

"Ba a raba su," in ji Sabiru. "Ka taɓa ganin babban mutum ya fita ba 'yan rakiya? Ita ta yi maganar, shi ya yi gurnanin."

Haka na rungumo su biyun a bayan mota har gida.

Inna ce ta fara tarar mu. Ta dubi abar sama da ƙasa ta ce, "Wannan taɓaryar ta mece ce?" Sunan da ya bi ta ke nan har yau. Kafin in gama warware waya ta ɗauko wani ƙyallen saƙa mai furanni ta lulluɓe ta ruf, wai kada ta yi datti. Na ce Inna, ta nan gaban maganar take fita. Ta ce ai maganar da take da ƙarfi ƙyalle ba ya tare ta. Baba kuma ya hana a cire ledar jikinta, don a gidanmu rediyon da ya mutu tun ina firamare har yanzu da ledarsa. Sai da na yi rabin awa ina roƙo kafin aka yarda a buɗe mata fuska, da sharaɗin in an kashe a mayar da ƙyallen.

Na so in rataye ta a bango. Ƙusa ta farko ta shiga, ta fito da yaɓen siminti mai faɗin tafin hannu, jar ƙasa ta biyo baya. Baba ya kalle ni, na mayar da ita kan tebur. Na jawo ta bakin teburin daidai tsakiyar allon, wufa kuma na ajiye shi a ƙasa kusa da kusurwa. Da farko na haɗa ta da bulutut, wato ta iska ba waya, don in nuna ni ɗan zamani ne. Sai bakin mai labarai ya motsa ya gama, can daga baya maganar ta iso a gajiye. Mani, wanda ya shigo kallo, ya ce, "Wannan ai irin alkawarin 'yan siyasa ne. Baki yau, magana baɗi." Na kashe bulutut, na ɗauko wayar haɗi na soka a ramin ARC na taɓarya da na filasma, na shiga cikin saitin filasmar na gaya mata ta daina magana da bango ta miƙa wa taɓarya. Na danna maɓallin murya.

Baba yana zaune a kan buzunsa. Wata mata tana karanta labarai. Na ga ya ɗago kai a hankali. Ya saurara, ya saurara, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe yarinyar nan Hausar Sakkwato gare ta. Shekara guda ina kallonta ban sani ba." Can kuma ya ce, "Rage mana, Auwalu. Ai ni ba kurma ba ne."

Inna ta juya tana gyara ƙyallen da ba ya buƙatar gyara.

Minti ashirin da biyar muka yi a cikin wannan daɗi. Sai inbata, akwatin da ke juya wutar batir, ta fara kuka, komai ya ɗauke. Batirin da yake lallaɓa filasma ita kaɗai ta yi awa guda, ba zai iya da ita da taɓarya da wufa ba. Washegari na cire wufan, aka ƙara minti goma. Tafsirin da Baba yake bi awa ɗaya da rabi ne. Wato na saya masa kunne, amma kunnen da zai toshe kafin malam ya gama shimfiɗa.

Na san abin da za ka ce, don kowa ya faɗa mini: ka sayi babbar sola mana. Haka muka iya. Famfo ya ƙafe, kowa ya haƙa rijiyarsa. Hanya ta zaizaye, kowa ya koyi kauce wa rami. Wuta ta mutu, mai hali ya hau rufin ɗakinsa ya kafa gilashin sola, marar hali ya ce dama duhu ya fi daɗin barci. Kowane magidanci ya zama ƙaramar hukuma a cikin gidansa, ita kuma babbar ta samu hutu. Ga turaku a tsaye, ga waya a shimfiɗe har ƙofar gidanmu. Abu ɗaya ne ya lalace, kuma akwai waɗanda aikinsu ke nan su gyara shi.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa an kafa kwamiti. Wani babba, wanda zan kira Mai Girma Babban Mai Auna Duhu, Allah ya ƙara masa haske, zai zagaya ƙauyuka ya tantance waɗanda da gaske suke cikin duhu, a gyara musu kafin azumi. Sunanmu yana cikin jerin waɗanda za a duba. Ranar Talata zai zo, kuma a zauren Baba za a sauke shi, don Baba ne babba a dattawan unguwa. Na zauna na rubuta jawabi shafi uku. Na sa ranar da abar ta ƙone, na sa injin niƙan da ya tsaya, na sa allurar rigakafin da ake kaiwa Tsanyawa ajiya don babu firji. Ni kaina da na karanta sai da idona ya kawo ruwa.

Yanzu sai in gaya maka wata al'adarmu, ko da yake na san taku ce ku ma. In baƙon kunya zai zo, ba a barin gida ɗaya da shi. Wannan ya kawo darduma, wancan kujeru, wata ta aiko da kofunan gilashin da ko mijinta bai taɓa sha da su ba. Kafin baƙo ya iso, duk abin kirkin da ke garin ya taru a ɗaki ɗaya. In ya tafi kowa ya zo ya ɗauki nasa. Rufin asiri muke kiransa, kuma ba na raina shi. Ya sha fitar da mu kunyar surukai.

Ranar Litinin dattawa suka taru a zaure suna rabon wa zai kawo me. Sai na ji Mani yana cewa zai je Bici ya aro janareta wurin surukinsa, don a kunna wa baƙo fanka.

Na miƙe. "Baba, mutumin nan duhu zai zo dubawa. A bar shi ya gani."

"Me ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi.

"Na ji ka tun farko," in ji Baba. "So kake a ce baƙo ya zo gidan Muntaka cikin wannan zafin ya zauna yana tsiyayar gumi? A ba shi ruwan randa kamar wanda ya zo bara?"

"Baba, in ya yi gumin ne zai rubuta."

"Zai rubuta mu ba mu san darajar mutane ba. Ka karanta masa takardarka, ai don haka aka kai ka makaranta. Amma sai ya sha ruwa tukuna."

Mani ya ce, "Ku ƙyale shi, bokon ne. Suna koyon komai ban da kunya."

Aka yi dariya, aka ci gaba da rabo. Aka aika Tsanyawa sayen ƙanƙara. Aka share lungu. Har ita taransifomar aka share gindinta, aka shafa wa shingenta farar ƙasa, wai kada ta ba mu kunya in an wuce ta gabanta.

Da safiyar Talata janareta ya iso a bayan a-kori-kura. Aka tayar da shi a ƙofar gida, sai aka ga ƙararsa ba za ta bar baƙo ya ji gaisuwa ba. Aka ɗauke shi aka kai bayan rumbuna, cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini, aka rufa masa zana. Gida huɗu aka bi aka tattaro wayoyi aka jona har zaure. Ƙwan fitila ya kama, fanka ta juya. Amma in ka yi shiru kana jin wani ɗan gunji daga nesa, kamar zuma ta yi gida a bango.

Mani ya kasa kunne ya ce, "Har yanzu yana damun mutane. Malam Auwalu, kunna taɓaryar nan taka ta danne shi."

A nan ne ya kamata in ƙi. Ina sane. Amma kwana takwas ke nan da sayen abar nan, ban taɓa jin ta da cikakkiyar wuta ba, ban taɓa sakar wa wufan nan linzami ba. Na ce a raina gwaji kawai zan yi. Na jona, na kunna, na ɗan ƙara. Zauren ya cika da sauti mai kauri, mai tsabta, har cikin ƙirji. Gunjin janareta ya ɓace kamar ba a taɓa ƙera shi ba. Dattawa suka yi ta sa mini albarka.

Ƙarfe ɗaya na rana Mai Girma ya iso. Ka lura da hikimar manya: duhu za a auna, aka zaɓi lokacin da rana take tsakiyar ka. Mota huɗu, mutum uku, sauran duk direbobi ne da masu buɗe ƙofa. Suka wuce taransifoma tana sheƙi da farar ƙasa, babu wanda ya rage gudu. Mai Girma ya shigo zaure da sakatarensa mai rungume da fayil, aka zaunar da shi daidai saitin fanka, aka miƙa masa ruwa mai raɓa a jikin kofi.

Mutum ne mai fara'a, ban ƙi faɗa ba. Ya rusuna wa Baba.

"Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya iyali?"

"Alhamdulillahi."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

"Ya wuta?"

"Alhamdulillahi," in ji dattawa ashirin da baki ɗaya.

Kada ka yi musu dariya, kai ma haka za ka ce. A wurinmu ba a amsa gaisuwa da kuka. Wanda yake kwance rai a hannun Allah ma in ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Kuka yana da lokacinsa: sai baƙo ya sha ruwa, ya taɓa abinci, ya gyara zama, ya tambaya sau biyu an kauce, a na uku sannan babba ya yi gyaran murya ya ce, to, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Mu muna jiran tambaya ta uku. Shi kuma ƙauye tara ne a gabansa kafin la'asar. Na ga sakatare ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila, ya dubi fanka, ya dubi filasma, ya yi wani ɗan ƙyas a takarda.

Na sa hannu a aljihu na kamo jawabina. Na buɗe baki ke nan sai Mai Girma ya nuna tebur da kofin hannunsa.

"Kai, wannan ai irin tawa ce ta gida! Amma tawa ta ishe ni. Rimot biyu nake riƙewa, kuma bakin mutum dabam, maganarsa dabam. Wa ya haɗa muku ita haka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Zo nuna mini."

Mai karatu, shekara huɗu na yi a kwalejin ilimi. Na sha tsayawa a gaban ɗalibai ina gaya musu kada girman mutum ya sa su manta abin da ya kawo su. Sai ga ni a durƙushe a bayan talabijin, ina haska rami da fitilar waya, ina bayani da zaƙin baki. Ranka ya daɗe, bulutut ne yake jawo maka jinkirin nan, ka rabu da shi. Ka nemi ramin da aka rubuta ARC, ba kowane rami ba. In ka yi haka rimot ɗaya zai ishe ka. Kada a cusa ta cikin kabad, a bar mata fuska a buɗe. Yana ta gyaɗa kai. Ban taɓa samun ɗalibi mai natsuwa irinsa ba. Ya juya ya ce wa sakatare, "Rubuta." Sakatare ya rubuta. Duk abin da hukuma ta ɗauka daga bakina a ranar ke nan: a sa waya a ramin ARC.

Ina miƙewa shi ma ya miƙe. Minti goma sha ɗaya cif. Aka bi shi da zabbi biyu da ƙwaryar fura aka sa a but ɗin mota. Yana shiga mota ya leƙo ya ce, "Gaskiya garin nan kun ci gaba. Wani ƙauyen da muka je jiya ko fanka babu." Dattawa suka ce sun gode. Jawabina yana aljihu, gumi ya jiƙa shi.

Ba zan ce Mai Girma ya yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya rubuta, kuma a zamanin nan babban da zai zo da ƙafarsa ya gani ma abin a yaba ne. Ƙorafina kaɗan ne. Da ya taka zuwa gindin abar da aka turo shi dubawa, taku arba'in ne daga inda ya ajiye mota. Da ya bi wayar da ta shigo zauren da ido, da ta kai shi bayan rumbu. Da ya tambayi mace ɗaya a garin inda take kai niƙa. Amma wa zai wahalar da babban mutum da irin wannan, alhali ga fanka tana kaɗawa?

Shekaranjiya bayan magariba batir ya cika, na kunna wa Baba labarai. Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake, Mani ya shigo ya zauna. Matar nan mai Hausar Sakkwato ta ce kwamitin tantancewa ya miƙa rahotonsa. Ta ce an gano ƙauyuka bakwai da suka shigar da sunansu cikin masu neman gyara alhali suna da wuta, an kuma cire su daga jerin. Ta fara lissafawa. Na uku ta ce Rijiyar Kanya, inda kwamiti ya tarar da wuta tsaye har da kayan sauti na zamani. Ta ce mai ƙorafi ya kai kansa ofishin kwamitin kafin a tashi aiki ranar Alhamis.

Taɓarya ta yi aikinta. Kowane harafi ya fito tas.

Inna ta ɗago ta ce, "Me aka ce? Na ji kamar sunan garin nan."

Shekara uku ita take gaya wa Baba abin da aka ce. Ranar shi ya juya ya gaya mata.

"An ce mun yi ƙarya."

"Mu? Wace ƙaryar?"

"Sun ce muna da wuta muka ce babu." Ya murza carbi. "Ba wadda suke nufi ba ce, amma mun yi. Ni na zaci baƙo na karrama. Ashe shaidar zur na tsaya na bayar, da dattawa ashirin a bayana."

Mani ya ce, "Haba Malam, ai rufin asiri ne."

"Asirin wa muka rufa, Mani? Namu, ko na waɗanda suka bar mu a haka?"

Inbata ta fara kukanta, allon ya yi baƙi. Na ce, "Baba, laifina ne. Ni na kunna abar, ni na tsaya surutu."

"Naka dabam, za mu yi wannan daga baya," in ji shi. "Ran Alhamis ka samo mini mota."

"Baba, gwiwarka fa? Ofishin a bene yake."

"A ɗauke ni. Da bakina na ce alhamdulillahi, da bakina zan je in ƙarasa maganar."

Mani ya sosa ƙeya ya ce to shi ma za shi, bari ya aika Bici a aro masa babbar riga wurin surukin nan nasa, don shiga ofis sai da shiga ta mutunci. Baba ya ce, "Da rigar da kake kai taki za ka je."

Yanzu saura kai. Ƙauye bakwai aka ce. Ban je sauran shidan ba, amma na rantse ba sai an gaya mini abin da ya faru ba: wani ya aro janareta, wani ya sayo ƙanƙara, wani ɗan boko irina ya tsaya yana burge baƙo. Ƙauyukan da ba su da ko surukin da za su ara a wurinsa su ne suka ci jarrabawar. Saura kwana talatin da biyu a ɗauki azumi. Dattijo mai shekara saba'in da shida zai bari a ɗauke shi kamar buhun gero a hau da shi bene, a gaban mutane, don ya ji karatun da ya saba ji daga farko har ƙarshe. In shi ya iya ajiye kunyarsa, ban ga abin da kake riƙe da taka kana yi da ita ba.

Kada ka turo mini addu'a ta waya, na tara da yawa, ko ƙwan fitila ɗaya ba su kunna ba. Ranar Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, muna tashar Tsanyawa. In kana cikin ƙauyukan nan bakwai, ka zo, ka taho da maƙwabcinka da matar da take kai niƙa wani gari. In ba ka ciki, ka tara mutanen unguwarku ku nufi inda taku maganar take kwance. Kada ka ari riga, kada ka ari takalmi, kada ka riƙo wa kowa zabo. In ka shiga za su miƙo maka hannu da fara'a. Su ce ya hanya, ka ce lafiya. Su ce ya iyali, ka ce lafiya. In suka ce ya wuta, ka dubi tsakiyar idon mutumin ka ce masa babu.